Mutanen Da Suke Yi Wa Rana Biki

Mu a ƙasar Hausa, in an ambaci rana, wahala muke tunawa. Ita ce mai ƙona shuka, ita ce mai busar da rijiya, ita ke kora mu gindin darbejiya. Amma akwai mutanen da sukan yi watanni ba su sa ta a ido ba, ran da ta komo kuwa har biki suke yi mata.

Bari mu ɗauki birnin Turomso, can arewacin ƙasar Norwe. Daga wajen 27 ga Nuwamba rana ba ta ƙara fitowa sai tsakiyar Janairu. Ba wai baƙin duhu ake yi dukan yini ba, da tsakar rana akan sami ɗan haske irin na almuru, ya yi 'yan awoyi ya wuce. Yara su tafi makaranta cikin duhu, su komo cikin duhu, ga dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Waɗansu barci yakan gagare su, waɗansu kuwa kasala da baƙin ciki su kama su ba gaira ba dalili. Iyaye sukan ba yara man hantar kifi, gama jikin da ba ya samun rana ƙashinsa ba ya ƙwari. Da yake duwatsu sun tare garin daga kudu, sai ran 21 ga Janairu mutane suke ganin ranar da idonsu. 'Yan mintoci kaɗai take leƙowa ta koma. Duk da haka sai a fita waje ana jiranta, a makarantu a raba wa yara wani burodi mai zaƙi da suke kira burodin rana.

Me ya kawo haka? A aji mukan nuna wa yara da lemo da tsinke da fitila. Duniya ba a miƙe take zagaya rana ba, ta karkata wajen digiri 23 da rabi. Rabin shekara arewacinta yana fuskantar rana, rabin shekara ya juya mata baya. Mu da muke kusa da tsakiya abin bai dame mu ba. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. Su kuwa a Turomso, daga wajen 20 ga Mayu har cikin Yuli rana ba ta faɗuwa sam.

Masu fassara sukan kira wannan lokaci na bayan sanyi bazara, amma a ganinmu sunan yana ruɗar yara. Bazararmu zafi ne da ƙishirwa. Tasu kuwa ta fi kama da faɗuwar damina: ƙanƙara ta narke, koguna su cika, ciyawa ta tsiro, itatuwan da suka yi kamar sun mutu su yi toho.

Kada mu ɗauka murnar ta jin ɗumi ce kawai. A zamanin da, manomin Norwe yakan kulle shanunsa a ɗaki fiye da rabin shekara, suna cin harawar da ya tara. In sanyi ya daɗe harawa ta ƙare, sai a koma ba su ɓawon itace da ciyawar teku. Akan sami saniyar da ta rame har ba ta iya tashi, sai an ɗaga ta an fitar da ita. Duk wanda ya taɓa duban gindin rumbunsa a watan Yuli, gero bai nuna ba tukuna, ya san irin wannan jira.

Labarin garin Riyukan ya fi ba mu mamaki. Garin yana cikin wani kwari mai zurfi, an gina shi domin ma'aikatan takin zamani. Manyan duwatsu sukan tare masa rana wajen wata shida, har cikin Maris, alhali kuwa mutane suna hangen haskenta a kan tuddai. Tun 1913 Sam Eyde, wanda ya kafa garin, ya goyi bayan a ɗora madubi a kan dutse, amma abin bai yiwu ba a lokacin. Sai a 1928 aka yi musu keken da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, domin ma'aikata da iyalinsu su hau sama su sha rana. Shekara 100 cur bayan wancan tunani, a 2013, aka kafa manyan madubai 3 a kan dutsen, kwamfuta tana juya su suna bin rana, suna jefa haskenta a dandalin gari. Waɗansu sun ce ɓarnar kuɗi ce. Mu dai da ba mu taɓa kwana biyu muna marmarin rana ba, ba mu da bakin yanke musu hukunci.

Bikin Ista, wanda yake faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, cikin wannan lokaci yake samunsu. Iyalai da yawa sukan hau tuddai, su zauna a jikin bango suna fuskantar rana, suna ɓare lemo.

Akwai kuma abin da ya haɗa mu da su. Yadda muke cewa ruwa ya kusa in mun ga shamuwa ta sauka a kan itacen gari, haka mutanen Turai suke zuba ido ga komowar tsuntsayensu. Da yawa daga cikin tsuntsayen nan a wurinmu suke cin hunturu, a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Cadi. Cikin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya fara matsa mana, sai su ci su yi ƙiba, su tashi su ƙetare hamada su nufi arewa.