Tsayayyen Lantarki: Daga Tartsatsin Bargo Zuwa Aradu

Lantarki iri biyu ne. Akwai mai gudu cikin waya, irin wanda ake samarwa a madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968. Akwai kuma wanda ke taruwa a jikin abu ya zauna, wato tsayayyen lantarki. A Shanga, Yauri da Ngaski, ba sai ɗalibi ya shiga ɗakin gwaji zai gamu da shi ba. Da hunturu, duk wanda ya yaye bargon nailan cikin duhu yakan ji ƙas-ƙas, ya ga tartsatsi.

Tushen abin yana cikin ƙwayar zarra. A tsakiyarta akwai firoton masu cajin ƙari (+), ilektaron masu cajin ragi (−) suna kewaye da su. Muddin adadinsu ya zo ɗaya, abu ba ya nuna caji. Idan aka goga biron roba a busasshen gashi, wasu ilektaron sukan bar gashin su koma biron. Biron ya zama mai ragi, gashin mai ƙari. Ba a ƙirƙiri cajin ba, wuri kawai ya sauya.

Ƙa'idar farko ita ce caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuma suna jan juna. Biron da aka goga yakan ɗauki guntayen takarda, domin yana tura ilektaron ɗin takardar baya, gefen da ke kusa da shi ya zama mai ƙari. Ƙarfe da jikin mutum suna barin caji ya bi ta cikinsu, roba da gilashi kuwa suna riƙe shi. Gwajin ya fi ci da hunturu, saboda da damina laimar da ke jikin kaya takan zurarar da cajin.

Girkawan dā sun lura da wannan jan a jikin daskararren ƙaron itace da suke kira elektron, inda sunan lantarki ya samo asali. A 1785 Bafaranshe Charles Coulomb ya auna ƙarfin. Dokarsa ita ce F = kq₁q₂/r², inda F ne ƙarfin, q₁ da q₂ cajin biyu, r tazarar da ke tsakaninsu, k kuma ya kai kusan 9 × 10⁹. Ma'anarta, ƙarfin yana ƙaruwa da girman caji, yana raguwa da nisa. In tazara ta ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da sunansa ake auna caji, kuma ilektaron guda yana ɗauke da kulom 1.6 × 10⁻¹⁹.

Mafi girman misali shi ne aradu. Idan hadari ya haɗu a kan tafkin Kainji, ƙanƙara da ɗigon ruwa suna gogayya cikin gajimare, har ƙasansa ya cika da cajin ragi, doron ƙasa kuma ya zama mai ƙari. Busasshiyar iska tana jure kusan bolt miliyan 3 a kowace mita. In caji ya fi ƙarfin iska, sai ya tsage ta ya sauko. Gwajin Benjamin Franklin na 1752 a Amurka ya nuna walƙiya lantarki ce. Shi ya ƙirƙiro sandar kariya, ƙarfe mai tsini a saman gini da aka haɗa da ƙasa, don aradu ta bi ta nan. Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo, shi ya sa masunci cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa, ko manomi ƙarƙashin bishiya tilo, yake cikin haɗari.

Tsayayyen lantarki yana da amfani. Shi ke jawo garin tawada zuwa kan takarda cikin injin fotokwafi. Yana kuma da illa, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna tururin fetur. Saboda haka ake haɗa tankar mai da ƙasa ta waya kafin a fara sauke kaya.