Yadda aka gyara kwamfutar da ke duniyar Mars daga nan doron ƙasa

A ranar 4 ga Yulin 1997 kumbon Mars Pathfinder na hukumar NASA ta Amurka ya sauka a duniyar Mars. Ba a jima ba kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi, aikin tura bayanai yana tsayawa.

Kumbon yana aiki ne da VxWorks, ƙaramar manhajar kamfanin Wind River, irin wadda ake ginawa domin kowane aiki ya gudana a daidai lokacinsa. Wayar hannu za ta iya yin nauyi na daƙiƙa biyu ba komai. Na'urar da ke sarrafa gwajin kimiyya kuwa, jinkiri kaɗan ya isa ya lalata sakamako.

Matsalar tana kama da abin da kan faru a kasuwar Ƙanƙara: maigida yana jiran makullin shago, makullin yana hannun yaronsa, shi kuma yaron wasu manya sun tsare shi da aike a hanya. Haka aikin auna yanayi, wanda shi ne mai ƙaramin matsayi, ya riƙe hanyar bayanai. Ayyuka masu matsakaicin matsayi suka hana shi kammalawa, aikin da ya fi kowanne muhimmanci ya zauna jira. Da jiran ya wuce ƙa'ida sai manhajar da ke gadi ta ɗauka wani abu ya lalace, ta sake kunna kwamfutar.

Injiniyoyin cibiyar JPL da ke Pasadena sun yi ta gwaji a kan tagwayen na'urar da ke ɗakin bincikensu har matsalar ta bayyana. Maganin bai taka kara ya karya ba, domin yana cikin manhajar tun farko, ba a dai kunna shi ba: duk ƙaramin aikin da ya riƙe makulli, a ɗaga matsayinsa na ɗan lokaci har ya saki. Suka tura gyaran ta siginar rediyo, kwamfutar ta daidaita.

Motocin bincike Curiosity da ta sauka a 2012 da Perseverance a 2021 duk da VxWorks suke aiki. Ɗaliban jami'a da ba su da kuɗin lasisi kuma suna iya gwada FreeRTOS, wadda Richard Barry ya fitar kyauta a 2003.