Ɗaura Bambar Baya a Tsohuwar Mota Mai Shiga Daji: Abin da Ya Kamata a Kiyaye

Duk wanda ya san hanyoyin Bobi, a ƙaramar hukumar Mariga ta masarautar Kontagora, ya san irin wahalar da mota ke sha da damina. Da zarar an sauka daga kwalta an nufi ƙauyuka da rugagen da ke cikin gandun kiwo na Bobi, sai laka da kwazazzabai. Irin wannan hanya ita aka ƙera tsofaffin Land Rover da Land Cruiser dominta. Land Rover ta fara fitowa a Ingila a 1948, Toyota kuma ta yi ta ƙera Land Cruiser samfurin 40 daga 1960 zuwa 1984. Duk wadda ta rage a hannun mutane yau ta tsufa, kuma wurin da tsufan ya fi ɓoyewa shi ne bayanta, inda ake ɗaura bamba.

Ƙarfin bamba daga shasi yake. A tsohuwar Land Rover, ƙarfen da ya gitta a baya wani ɓangare ne na shasin kansa, a jikinsa ake ɗaura ƙananan bambobi na gefe da mariƙai da wurin jan tirela. Cikinsa rami ne. Tayoyi na watsa masa laka, lakar ta kwanta ta riƙe danshi, tsatsa ta yi ta ci daga ciki alhali fenti na nan lafiya lau a waje. Don haka kafin a sayo komai, a wanke ƙarƙashin motar sarai, a ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma. Inda ya yi amo, da sauransa. Inda ya lotsa ko ya zubo da ɓarɓashi, ya mutu, sai an yanke an sauya. Sabuwar bamba a kan ruɓaɓɓen shasi ado ce kawai.

Bayan shasi sai noti. Motocin Ingila na da sun zo da noti mai awon inci, na Japan kuwa da awon milimita. Sukan yi kama a ido, amma haƙoransu ba sa shiga juna. Wanda ya matsa da ƙarfin tsiya ya cinye haƙoran, kuma ranar da aka ɗora nauyi notin zai zame. Mai zuwa kasuwar Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya tafi da tsohon notin a aljihu don a gwada. Ya kuma duba kan notin: a mai awon milimita, lamba 8.8 ko 10.9 alama ce ta ƙarfe mai jure nauyi. Wanda ba shi da wata alamar ƙarfi a kansa ba na wannan aiki ba ne, kome arharsa.

Wajen ɗaurawa, a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri. A tantance ƙafar bambar ta dama da ta hagu, domin sau da yawa ba iri ɗaya ba ne. A zura dukkan notuna da hannu, kada a ɗaure ko ɗaya tukuna. Sai a auna tsayin bambar daga ƙasa a gefe biyu, a buɗe ƙofar baya a ga ko tana gogawa, a tabbata bakin salansa bai taɓa ƙarfe ba, fitilun birki da lambar mota kuma ba su rufu ba. Bayan nan ne za a bi su da sifana kaɗan-kaɗan, dama da hagu, har su kama. Inda noti ya ratsa ƙarfe mai rami, a sa guntun bututu a ciki don kada ɗauri ya matse shi, a kuma sa faffaɗan ƙarfe mai kauri ta baya don nauyi ya bazu. Jikin Land Rover alminiyon ne, shasinta baƙin ƙarfe. Idan suka haɗu da danshi a tsakani, alminiyon ɗin ne ke cinyewa, saboda haka a raba su da fenti ko roba. Bayan 'yan kwanaki ana bin gargada, a sake bin notunan.

Da yawa sukan ce a kai wa mai walda ya liƙe kawai a huta. Walda tana da wurinta, wajen sauya ruɓaɓɓen ƙarfe, amma abin da kamfani ya yi wa ramin noti, da noti ya kamata a ɗaura shi, don a iya kwancewa in ya lanƙwashe. In ma waldar ta zama dole, a cire kan batir, a kuma duba inda tankin mai yake, domin a wasu dogayen Land Rover yana can baya, dab da wurin aikin.

Babban haɗarin yana zuwa ne ranar da mota ta kafe. Jama'a su taru, a kawo tarakta ko babbar mota, a maƙala sarƙa a bamba ko a dunƙulen ƙarfen jan tirela, a fizga. Ba a yi waɗannan don fizga ba. Idan suka ɓalle, sukan tashi da gudun da zai fasa gilashi ya hallaka mutum. Sai a ce tsautsayi ne, alhali sakaci ne. Wurin ja shi ne ƙugiyar da aka ɗaure kai tsaye a lafiyayyen shasi. A haƙe lakar da ke gaban tayoyi, a ja a hankali, kowa ya matsa nesa da sarƙa, musamman yara masu kallo.

Kira ga direbobi da makanikai da masu walda na Bobi da kewaye: kafin ruwa ya sauka, ku leƙa ƙarƙashin motocinku, ku gyara shasi, ku sa notin da ya dace. Kuɗin noti mai kyau bai kai na jinyar mutum ɗaya ba.