Azumin Kirista: kwana 40 kafin Paska

Manoma da makiyaya, wasunku suna da maƙwabta Kirista a Maradi, Damagaram, Dogon Dutsi ko Yamai. Ku sani su ma suna azumi. Ƴan Katolika suna ce ma nasu Karem. Kwana 40 ne, don Linjila ta nuna Yesu Almasihu ya yi kwana 40 cikin daji bai ci abinci ba.

Ranar Laraba ake ɗaukarsa. Ran nan limamin majami'a yana shafa ma kowa toka a goshi, don mutum ya tuna da ƙasa aka yi shi, kuma ƙasa zai koma. Ba a lissafa ranakun Lahadi. Ƙarshensa sallar Paska. A shekarar 2025 an fara ran 5 ga Maris, kwana kaɗan bayan kamawar watan Ramadan, aka yi Paska ran 20 ga Afrilu.

Babu sahur, babu buɗa baki, ba a kuma hana ruwa. Ranar toka da Juma'ar ƙarshe, mai shekara 18 zuwa 59 sau ɗaya zai ci ya ƙoshi, sai ɗan abin taɓawa sau 2. Kowace Juma'a ba a cin nama. Maras lafiya an ɗauke masa.

To, wani zai yi dariya: talakan da sai ran suna yake ganin nama, mi ya bari? Tambayar tana da kyau. A 1966 Paparoma Pol na 6 ya duba wannan. Ya nuna masu wadata su ƙara matsa ma kansu su taimaki matalauta, talaka kuwa ya miƙa wahalarsa ga Allah cikin addu'a. Wani goro yake bari, wani taba ko shayi, wani giya. A ganina mai barin gulma ya fi su duka shan wuya.

Abin da ake nema shi ne tuba. A wurinsu, wanda ya iya hana ma cikinsa zai iya hana ma zuciyarsa. Amma abin da baki ya rage ba a maida shi rumbu, na mabukaci ne. Ku dubi lokacin: bazara ta kawo kai, hatsi ya fara sauka cikin rumbu, magidanta da yawa suna wurin cin rani. Tiya ɗaya da aka rage a gida, wata mai marayu za ta dama hura da ita.

Majami'un Tsibiri da Galmi, inda mishan SIM ta yi aiki, yawancinsu ba su da waɗannan kwanaki 40. Mutum ko jama'a ke zaɓen ranar azumi in wata damuwa ta taso, kamar ciwo ko jinkirin ruwan sama.