Lambar 2,147,483,647: Daga Takardun Euler Zuwa Cikin Kwamfuta

Daga cikin manyan lambobin da masana lissafi suka daɗe suna nazari, kaɗan ne suka yi suna kamar 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da 'yan kai. Ana samun ta ne idan aka jera lambar 2 har sau 31, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1 daga jimillar. Babbar siffarta ita ce lamba ce marar rabuwa, wato babu lambar da za ta raba ta daidai ba tare da saura ba, sai 1 da ita kanta.

Lambobi marasa rabuwa da ake samu ta wannan hanya ana danganta su ga Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista na Faransa wanda ya lissafa wannan lamba cikin jerin da ya wallafa a 1644, ko da yake bai kawo hujja ba. Ita ce ta takwas a wannan dangi, kuma tana da ƙarin daraja domin ita kanta 31 ɗin 'yar dangin ce, tun da 2 da aka ninka sau biyar ta ba da 32, in an cire 1 kuma sai ta zama 31. Hujjar sai a 1772 ta zo daga Leonhard Euler, a wata wasiƙa da ya rubuta, lokacin da idanunsa sun riga sun mutu. Dabararsa ita ce abin sha'awa: maimakon ya gwada kowace lamba, ya nuna cewa duk mai iya raba ta dole ne, idan aka raba shi da 248, saura ya zama 1 ko 63, kuma ba a buƙatar wuce 46,340 wajen gwaji. Da haka aikin da ya yi kama da ƙirga yashi ya koma gwaji ƙalilan, kuma ta riƙe kambin mafi girma da aka sani cikin lambobi marasa rabuwa har 1867.

Masana na da sun ɗauke ta abin nishaɗin masu ilimi kawai, amma zamanin kwamfuta ya sauya wannan hukunci. Na'urar da ke ajiye lamba a gurabe 32, kowane gurbi ɗauke da 0 ko 1, tana ware gurbi ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa da shi, saura 31 ke nan, kuma iyakar abin da za su ɗauka shi ne wannan lamba. Shi ya sa tsarin Unix, mai ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, zai cika maƙil ranar 19 ga Janairun 2038, kuma duk na'urar da ba a faɗaɗa ta zuwa gurabe 64 ba, agogonta zai koma Disambar 1901.