Tsargiya a yankin noman rani: Cutar da ke kuɓuce wa masu sa ido

Idan zafin bazara ya tsananta, magudanan ruwan noman rani da suka ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam kan cika da yara masu wanka, kamar yadda ake gani a ƙauyukan Kumbotso da ke gaɓar kogin Challawa.

Ruwan magudanan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Shi ya mayar da yankin matattarar shinkafa da tumatir da alkama. Sai dai ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyayi, shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗi da ke rainon tsutsar tsargiya.

Mai cutar kan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗi, daga baya tsutsotsin su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan, yaro ne ko manomi mai dashen shinkafa.

Yadda ake sa ido

A kowace ƙaramar hukuma cikin 44 na jihar Kano akwai jami'in da ke tattara rahoton cututtuka daga asibitoci, ya miƙa wa jiha, ita kuma ta aika wa hukumar NCDC a Abuja. Cututtuka irin su kwalara da mashaƙo da zazzaɓin Lassa nan take ake sanar da su.

Tsarin ya nuna amfaninsa a yaƙi da shan inna. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, akan ɗauki bahayarsa sau biyu a kai ɗakin gwaji, kuma masu unguwanni da masu maganin gargajiya na cikin masu kai labari. Kano ta ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a 2014, a Sumaila.

Inda gizo ke saƙar

Tsargiya ba ta kwantar da gari a mako guda, don haka ba ta tayar da hankali. Wasu iyaye na ɗaukar jini a ƙarshen fitsarin yaro a matsayin alamar balaga ko zafin rana. Wasu kuma kemis suke zuwa, inda ba a rubuta komai. Wanda bai je asibiti ba, ba ya shiga lissafi.

Illar kuwa a hankali take bayyana: ƙarancin jini, rauni a mafitsara da ƙoda, wani lokaci har kansar mafitsara. A mata takan taɓa mahaifa, ta jawo matsalar haihuwa.

Lissafin ne kuma ke jawo magani. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce duk al'ummar da aƙalla kashi 10 cikin 100 ke ɗauke da cutar, a riƙa raba musu maganin praziquantel duk shekara. Ƙauyen da ba a auna ba, ana iya tsallake shi.

Manomi ba zai daina shiga ruwa ba, domin nan abincinsa yake. Abin da ke hannun iyaye da malaman makaranta shi ne, da zarar sun ga jini a fitsarin yaro, su kai shi asibiti mafi kusa, a ba shi magani, a kuma rubuta shi.