Ƙanƙarar Afrilu: Ga Mai Niyyar Zuwa Zamiya a Ƙarshen Kaka

A shirinmu na makon jiya mun karanta saƙon wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a Grenoble, can ƙasar Faransa. Ya ce shi da abokansa uku sun yi asusu, suna so su tafi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara cikin hutun watan Afrilu, saboda an gaya musu lokacin ne kuɗi ke sauka. Tambayarsa ɗaya ce: anya za su tarar da ƙanƙarar kuwa? Minti uku kacal muka samu a iska, shi ya sa muka ce bari mu zauna mu yi bayanin a rubuce, domin shi da ire-irensa da ke Lyon, Marrakesh ko Aljiyas.

Na san kai da kake karanta wannan a Maraɗi, Katsina ko Garwa, fanka na hura maka iska mai zafi, za ka ce ina ruwanka da ƙanƙara. To, ƙila ɗanka ne ko ƙanwarka ke can, kuma kai za a kira a ce a ƙaro kuɗi. Gara ka san abin da za a yi da su.

Gaskiya ne ƙarshen kaka na da daɗinsa. Hutun makarantun Faransa na Fabrairu zuwa farkon Maris shi ne lokacin cunkoso da tsada. Da ya wuce, kuɗin masauki kan sauka, layin hawa ya ragu, yini ya ƙara tsawo, sanyin nan mai fasa leɓe na Janairu kuma ya yi sauƙi. Ga mutumin da ya tashi a ƙasar rana, babu lokacin koyo da ya fi wannan. Amma fa sharaɗin shi ne ka je inda ƙanƙarar take, kuma ka hau ta a sa'ar da ta dace. Sunan wuri ko kyan hotonsa ba ya hana ta narkewa.

Mu fara da tudu. Duk mita 1,000 da ka hau sama, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Wato ranar da ƙauyen da ke mita 1,000 yake da digiri 10, ciyawa ta fara leƙowa, wanda ke mita 2,500 yana dab da sifili, ƙanƙararsa na nan daram. Saboda haka idan ka buɗe shafin kowane wurin zamiya a intanet, ka nemi lambobi biyu: tsayin ƙauyen da tsayin ƙololuwar da na'urorin hawa ke kaiwa. Masu talla sun fi son nuna maka ta biyun. Kai kuwa, muddin ɗan koyo ne, ta farkon ce taka. Dalili? Filayen koyo, masu gangara kaɗan, kusan kullum a gindin dutse suke, kusa da gidaje. Ana iya samun wurin da samansa fari fat, gwanaye na sheƙa gudu, amma ƙasansa inda kai za ka tsaya ya koma taɓo. Ka biya kuɗin mako guda kana kallon wasu.

Ga misali daga yankin mai tambayarmu. Chamrousse na kusa da Grenoble, a nan aka yi tseren gangara na wasannin Olamfik na hunturu a 1968, amma ƙololuwarsa mita 2,250 ce kawai. A Janairu wuri ne mai kyau, a ƙarshen Afrilu kuwa kada ka sa rai. Les Deux Alpes ƙauyensa na mita 1,650, sai dai yana da tsohuwar ƙanƙara, irin wadda ta daskare shekara da shekaru, a sama da mita 3,000, kuma gangarar da ke can saman ba ta da tsanani, abin da ba kasafai ake samu ba. Idan ka matsa yankin Savoie akwai Val Thorens, wanda ƙauyen kansa ke mita 2,300, babu wurin zamiyar da ya kai shi tudu a Turai. Ka kwatanta: ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar, a duwatsun Bagazam na Ayar, mita 2,022 ce. Wato a Val Thorens gadon da za ka kwanta ma ya fi ta tudu. Shi da Tignes, mai ƙauyuka a mita 2,100, su kan kai farkon Mayu a buɗe. A Suwizalan kuma akwai Zermatt, inda motar igiya ke kaiwa mita 3,883, amma can aljihun ɗalibi ba ya daɗewa.

Bayan tudu sai fuskar dutse. A Turai rana ta kudu take bi, don haka gangarar da ta kalli arewa ta fi riƙe ƙanƙara, wadda ta kalli kudu ita ke fara narkewa. Taswirar wurin za ta nuna maka.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin nan ne baƙi ke shan wahala. Ƙanƙarar bazarar Turai ba ta zama iri ɗaya daga safe zuwa yamma. Da rana takan narke, da dare ta sake daskarewa. Ƙarfe tara na safe za ka tarar da ita da tauri kamar daɓen siminti, allunan ƙafarka na ƙara a kanta, in ka faɗi kuwa ka ji a ƙugu. Da hantsi rana ta ɗan taɓa samanta, sai ta yi laushi kamar tsakin masara, ƙasanta kuma da sauran ƙarfi. Wannan ita ce sa'ar da ake nema, galibi daga wajen goma zuwa ɗaya. Bayan azahar sai ta zama fate-fate, mai nauyi, tana kama alluna ta riƙe alhali jikinka na son juyawa. A irin wannan lokacin ne, ga gajiya ga nauyin ƙanƙara, gwiwa ke murɗewa. Jijiyar gwiwa in ta tsinke ba maganar kwana biyu ba ce, ana iya kai wa ga tiyata da watanni na jinya, ɗalibi ya rasa jarrabawar ƙarshen shekara a kan wasan yini ɗaya. Masu wayo bin rana suke yi: su fara da gangarar da ta kalli gabas tunda ita ke fara laushi, su koma kudu, su ƙare da arewa, ƙarfe biyu su tuɓe takalma su zauna shan shayi. Kada ka ce ai na biya kuɗin yini sai na cinye shi. Kuma ka riƙa duba hasashen yanayin dare, ba na rana kaɗai ba. Daren da aka yi ɗumi ko hadari ya rufe sama, ƙanƙarar ba ta daskare ba, gobe tun safe a jiƙe za ta tashi.

Wannan jiƙewar ce kuma ke jawo zaftarewar ƙanƙara daga saman duwatsu, musamman da yamma. A Turai ana auna haɗarin daga 1 zuwa 5, ana kuma liƙa lambar ranar a gindin na'urorin hawa. Hanyoyin da aka shata, aka kafa musu sanduna masu launi, ma'aikata na kula da su. Wajensu kuwa kai da Allahnka. A Faransa kore ne na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na gwanaye. Ka tsaya a kore da shuɗi. In ka ga an ja igiya an rufe hanya, to an rufe ɗin, ko da ka ga sawun wani ya bi.

Sai maganar rana. Mu kan ce mu da muka saba da ranar Agadas wace rana ce za ta ba mu tsoro. To, ta saman dutse daban take. Hasken nan mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, sabuwar ƙanƙara kuma na iya maido da har kashi 80 cikin 100 nasa, wato ta sama ana dukan ka, ta ƙasa ma haka. Baƙar fata na ba da kariya, amma leɓe da hanci na ƙonewa, ido kuwa ba ruwansa da launin fatarka. Wanda ya yini babu tabarau ba zai ji komai ba sai dare, sannan idanun su kama raɗaɗi da hawaye kamar an zuba musu yashi. Ka sa tabarau mai kare hasken, ko da akwai gajimare. Ka shafa man kare fata da na leɓe. Hular kwano kuma ana haya da ita tare da sauran kaya, kada ka bar ta.

Akwai wata magana da takardun talla ba za su gaya maka ba, domin ba mu suka rubuta wa ba: sikila. Iskar da jiki ke samu na raguwa in an hau sama, ga sanyi, ga motsa jiki, ga ƙarancin ruwa a jiki, waɗannan duka abubuwa ne da ke tayar da ciwon. Mai sikila kada ya tafi sai ya ga likitansa. Har wanda ke ɗauke da rabinta, wato AS, wanda a gida bai taɓa jin komai ba, an sha samun irinsa da ciwon saifa a wurare masu tudu. Ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ba na jira ba ne, a sauka a nemi asibiti. Lambar gaggawa a Turai 112 ce. Lafiyayye ma daren farko a mita 2,300 yana iya jin ciwon kai, barci ya ƙi zuwa, hawan bene ya sa shi haki. Ka sha ruwa da yawa, ka ɗauki ranar farko da sauƙi. Shekarar da hutun ya faɗo cikin azumi kuma, ni dai shawarata a ɗage tafiyar.

Mu zo kan kuɗi. Masauki shi ne mutane ke lissafawa, sai su manta da tikitin hawa, hayar alluna da takalma da sanduna, da kuɗin malami. Malamin nan kada ka yi masa rowa. Aboki zai ce zo in nuna maka, ya kai ka saman jar hanya, ya gangara ya bar ka tsaye. Darasin safiya biyu ko uku cikin rukuni ya isa ka iya tsayawa da juyawa. Tufafi kuma ba sai ka sayi na tsada ba, ka ara. A Afrilu riguna marasa nauyi biyu ko uku da za ka iya cirewa ɗaya bayan ɗaya sun fi babbar riga guda, amma wando da safar hannu dole su zama waɗanda ruwa ba ya ratsawa, tunda ɗan koyo rabin yininsa a zaune yake cikin jiƙaƙƙiyar ƙanƙara.

Inshora fa? A wuraren zamiya na Faransa, in ka ji rauni ma'aikata suka sauko da kai a makara, kai za ka biya, kuma ɗaruruwan yuro ne, in da jirgi mai saukar ungulu abin ya wuce haka nesa. Inshorar lafiya ta ɗalibi ba ta biyan wannan ɗaukowar. Wanda ya taso daga gida da bizar Shengen, an riga an tilasta masa inshorar da ta kai yuro 30,000, amma ya karanta takardar da kyau, domin wasu na cire wasannin kan dutse. A wurin sayen tikitin hawa ana sayar da ta yini-yini a kan 'yan yuro kaɗan. Ka ce a haɗa maka.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka duba ranar da wurin zai rufe, ka kuma sani makon ƙarshe ba duka na'urori ke aiki ba. Kusan kowane wuri na da kyamarori da ke nuna halin da gangara ke ciki kai tsaye, ka kalle su da idonka, ka kuma zaɓi masaukin da ake iya fasawa. Jirgin ƙasa na kai ka Moûtiers in Val Thorens ka nufa, ko Bourg-Saint-Maurice in Tignes ne, daga nan sai bas, wanda a ƙarshen kaka yakan rage zirga-zirga. Abincin duwatsun nan kuma, irin su tartifilet, da naman alade ake yin yawancinsa, sai ka tambaya kafin ka ci, ko ku kama ɗaki mai kicin ku dafa shinkafarku.

'Yan'uwanmu da ke Maroko da Aljeriya, ku lissafinku daban ne. Oukaïmeden, kimanin kilomita 75 kudu da Marrakesh, yana mita 2,600, amma ranar Afirka ce a kansa, kakarsa gajera ce, daga Janairu zuwa Maris, wasu shekarun ma ƙanƙarar ba ta zuwa sosai. Chréa da ke saman Blida bai wuce mita 1,500 da 'yan kai ba. In kun ji an yi zubar ƙanƙara a Janairu ko Fabrairu, ku tafi a makon. Afrilu a can lokacin yawon buɗe ido ne da ɗaukar hoto.

Abu na ƙarshe, tunda mu gidan rediyon kan iyaka ne. Daga Zermatt ana iya zamewa a gangara Cervinia, cikin Italiya, a ci abincin rana a dawo. Daga Val Thorens ma ana tsallakawa kwarin Méribel da Courchevel. Sai dai na'urorin hawa na tsayawa da la'asar, kuma ba sa jiran kowa. Wanda ya makara a Cervinia, dutsen da ya tsallako cikin awa guda zagaye shi a mota awanni ne, kuɗin tasi kuma ya fi na masaukinsa. Ka rubuta lokacin hawan ƙarshe a wayarka tun da safe, ka sa fasfonka a aljihun ciki.